Ranar da Yatsu Kaɗai Suka Zo Aiki

Daren jiya na yi wani mafarki wanda har yanzu ƙamshin garin katakonsa bai bar hancina ba. Amma kafin in shiga cikinsa gara in faɗi abin da na kwanta da shi a rai, don ruwa ba ya tsami banza.

Sunana Nafi'u. Ni ke riƙe da shagon kafinta na mahaifina, marigayi Malam Tukur, a bayan tashar jirgin ƙasa ta Funtuwa. Bana shekara shida da rasuwarsa. Mutumin kirki ne, Allah ya ji ƙansa, amma a ganina na wancan lokacin kafinta ne mai yawan shirme. Kullum sai ya ɓatar da tef ɗin awo. Kullum sai ya yanke wata ƙafar tebur ta gaza 'yan'uwanta. Can sai ka ji ya ɗaga murya: "Nomau, zo ka duba min nan, idon nan nawa ya fara cin amanata." Baba Nomau, babban ma'aikacinmu, zai ajiye abin da yake yi ya zo yana mita, sauran su taru, a yi ta musu, a yi wa Maigida dariya a gaban idonsa, sannan a gyara. Ni da na yi karatun aikin katako a kwalejin fasaha, kunya ke rufe ni in aka yi haka a gaban mai kawo aiki.

Da shagon ya dawo hannuna na sha alwashin an gama shirme. Ni ke awo, ni ke zane, ni ke duba aikin kowa, in na ga gyara in gyara da kaina ba tare da na dami kowa ba. Na soke irin haɗin da Baba Nomau ya yi suna da shi, wanda ake fafe rami a katako a zura ƙafa ta kama daram ba ƙusa ko ɗaya. Na ce yana cin lokaci, ƙusa da gam sun wadatar. Na je taron bita a Kaduna kan yadda ake ƙara wa ma'aikata himma, na dawo da kaya niƙi-niƙi: riguna iri ɗaya masu sunan shago a baya, hoton Gwarzon Wata a bango, tafi uku kowace safiya, da wata na'ura a bakin ƙofa da kowa zai dangwala babban yatsansa in ya iso. Ba wanda ya yi gardama. Suna dangwalawa, suna tafawa, suna aiki. Dariya ce kawai ta yi ƙaura daga shagon, ban ma san ranar da ta kwashe kayanta ba.

Ranar Laraba Baba Nomau ya same ni ina duba wani kabad. Shekararsa talatin da huɗu a shagon nan.

"Nafi'u," ya ce, "ranar Asabar zan zo in ɗauki akwatin kayan aikina. Ƙauye zan koma, gona na kira."

"Baba, wani abu na yi maka?"

"Ko kusa, ɗana. Kai da ba ka kuskure."

Na san in ya tafi, Isuhu mai fenti da Bitrus mai ɗinkin kushin ba za su ƙara wata guda ba, don shi ne turken da suke ɗaure a jikinsa. Kwana biyu ina neman abin da zan faɗa masa ban samu ba. Matata Zulai har ta ce na zama kamar 'yar kujerarta ta tsakar gida, wadda Baba Nomau ya yi mana kyauta lokacin aurenmu. Shekara huɗu da suka wuce turmi ya faɗa wa kujerar, ƙafa ɗaya ta karye, na yanko wata na buga da ƙusa, tun daga nan take rawa, ba ta faɗi ba, ba ta kuma zauna ba. Da wannan na kwanta jiya Juma'a.

Sai ga ni a hanyar shago da hantsi. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tasowa yana tafiya sama. Maza sun ɗaure ƙafafun wandunansu da igiya, kowa ya riƙe laimarsa a ƙasa tsakanin gwiwoyi, hulunansu a bushe ƙayau. Mai ƙosai ta bakin titi ta kife kaskonta tana suya daga ƙarƙashi.

"Sannu da ruwa," ta ce min. "Bana sama za ta yi albarka."

"Ai kuwa," na ce, don ban ga abin musu ba.

A bakin ƙofar shago na tarar da layi. Manyan yatsu ne guda takwas, kowanne a tsaye da kansa, sanye da 'yar rigar shago daidai jikinsa. Ɗaya bayan ɗaya suke tsalle su dangwala kansu a na'ura, ita kuma ta yi musu godiya. Na gane na Isuhu da koren fentin da ke ƙarƙashin farcensa. Na gane na Bitrus da tabon allura.

"Bitrus," na ce, "ina sauranka?"

"Yana hutawa, Oga. Ya ce tunda ni kake nema kullum, ba sai ya wahalar da kansa ba."

"To aikin fa?"

"Za mu danna."

Na ce a yi tafin safe. Suka yi ta karo da juna sau uku, ƙarar ta fito kamar ɗigar ruwa a kwano. Daga nan suka shiga aiki. Suna danna katako yana zama kujera, suna danna kujera tana shan fenti. Na bi su da tef ina aunawa, komai daidai, ko tsinin gashi babu bambanci. Wani Alhaji ya shigo ya zauna a kan ɗaya don gwaji. Nan take ya yi hamma, ya manta abin da ya kawo shi, ya roƙi a nuna masa hanyar gidansu.

A can lungu na ga yatsa na takwas bai kama aiki ba. Farcensa baƙi ne, tun wata rana da mahaifina ya kuskure ƙusa ya sauke masa guduma. Ya jingina da wani tsohon akwatin ƙarfe yana tura shi zuwa ƙofa kaɗan-kaɗan.

"Baba Nomau, ina zuwa?"

"Yau Asabar."

"Yau Juma'a ce, Baba."

"A nan Asabar ke fara zuwa, Juma'a ta biyo ta in ta samu mota."

"To ina sauran jikinka? Ina so in yi magana da shi."

"Ka tambayi ofis," ya ce, ya ci gaba da turin akwatinsa.

Ofishin a hawa na bakwai yake, saboda haka na gangara. A jikin ƙofa an rubuta: Hukumar Neman Ma'aikatan da Suka Ɓata Suna Wurin Aiki. Wata akuya mai jan kallabi ce a teburin karɓar baƙi. Ta miƙo min fom, na cike shi tsaf da rubutuna mai kyau, na mayar mata. Ta karɓa ta tauna ta haɗiye.

"Ya shiga fayil," ta ce. "Darakta na jiranka tun gobe."

Daraktan bunsuru ne, da tabarau da agogo, ya sha turare har ya yi yawa, amma turaren bai ci nasara ba. Yana zaune a kan teburinsa, kujerarsa kuma na ajiye da takardu. Wasu awaki biyar suna gefe suna aikin tauna wasiƙun da suka shigo.

"Mutum nawa suka ɓace?" ya tambaya.

"Takwas, ranka ya daɗe."

"Yaushe?"

"Ina jin a hankali ne."

"Kullum a hankali ne. Me ka yi don riƙe su?"

Na lissafa masa: riguna, hoto, tafi, na'ura. Yana saurare yana gyaɗa gemu.

"Rigunan da daɗi?"

"Sawa ake yi, ranka ya daɗe."

"Asara," ya ce. "Kawo shaidarka."

Na ciro katin shaidata na miƙa. Ya shinshina ya turo min abina.

"Ba wannan ba, Malam. Kuskure. A ofishin nan ba ma sauraron mutum sai ya nuna kuskure ɗaya nasa na kansa. Ko ƙarami ne, in dai naka ne."

Na laluba aljihun dama, na laluba na hagu. "Ba ni da shi. Shekara shida ban yi ba."

Awakin nan biyar suka dakata da tauna, takardu na reto a bakinsu. Akuya mai kallabi ta leƙo daga ƙofa ta share hawaye da kunnenta.

"Shekara shida," Darakta ya ce a hankali. "Bawan Allah, da wa kake hira?"

A lokacin ne idona ya kai bangon bayansa. Hotunan Gwarzon Wata ne jere guda goma sha biyu, kuma duk ni ne. A na ƙarshe ma har da ni ina miƙa wa kaina hannu, mu biyun kowa na kallon wani wuri.

Darakta ya buga hatimi a kan ganyen mangwaro ya ba ni. "Je ka kasuwar kuskure ka samo ko na gwanjo ne. Ka yi hanzari. Ruwan nan in ya yi ƙarfi yakan tafi da duk wanda ba a bukata."

Jirgin ƙasa ne ke zuwa kasuwar. Shi jirgin ba ya motsi, kai dai ka samu wuri ka zauna, garuruwa ne ke zuwa su wuce ta taga. Bakori ta wuce da gudu, Ɗanja ta bi bayanta tana haki. Can sai ga Funtuwa ta shekara ashirin da suka wuce, ta zo a hankali, ta rage tafiya daidai shagonmu.

Na manna fuskata a gilashi. Rufin kwanon nan ne mai tsatsa, kafin in canja shi. Ga rediyo rataye a ƙusa, an ɗaure mata waya a kai don ta kama tasha. Ga babban farantin shinkafa da wake a tsakiya an rufe da wani faranti, an ɗora guntun katako don kaji. Isuhu, gashinsa baƙi wuluk, yana goge ƙofa da sanfefa yana rera waƙar da yake ƙirƙira nan take don tsokanar duk wanda ya makara. Bitrus ya cika baki da ƙananan ƙusoshi amma hakan bai hana shi musun dambe ba. Mahaifina na zagaye da fensir a bayan kowane kunne yana tambayar wa ya ɗauki fensirinsa.

Sai Baba Nomau ya ɗaga hannu. Kowa ya tsaya, har aka rage muryar rediyo. Ya gama fafe rami a wani katakon maɗaci, ya ɗauko ƙafa ya saita bakinta, ya ɗaga gudumar itace ya buga sau ɗaya. Katako ya shige katako da wani sauti mai nauyi, ɗum. Shago gaba ɗaya ya ɗauka da murya ɗaya:

"Ta zauna!"

Haka ake yi a da, na manta. Duk ƙafar da ta shiga raminta sai an yi mata wannan shela, ko ana tsakiyar cin abinci ne, ko akwai baƙo. Mai shayi na tsallaken titi ma yakan amsa daga inda yake. Ban san yaushe rabon da in ji kalmar nan ba. Kewa ta kama ni, na ga ashe ba mahaifina kaɗai na binne ba. Na buga gilashi ina kiran sunayensu, ba wanda ya waiwayo. Na tashi zan buɗe ƙofa, wata tunkiya mai duba tikiti ta tare ni da ƙafa.

"Ba a sauka a jiya, Malam. Kallo kawai."

Shagon ya ja gaba ya wuce, ƙamshin maɗaci ya ɗan daɗe a cikin jirgin.

Kasuwar kuskure cike take maƙil. A can mai kaya ne ke kushe kayansa, mai saye na yabawa. Na ga rumfar tuwo mai gudaji, na ga ta riguna masu hannu uku, na ga wani yana tallar tsani wanda sauka kawai ake yi da shi. Wata dattijuwa ta baza miyar da gishiri ya zarce tana cewa, "Kada ka taɓa, ɗana, ba ta ciwuwa," wani mutum kuma durƙushe a gabanta yana rantsuwa bai taɓa shan irinta ba, a ƙara masa. Kowa a kasuwar nan da abokin hirarsa, ba mai tafiya shi kaɗai sai ni.

Dariya ce ta ja ni zuwa rumfar ƙarshe. Na san dariyar. Mutanena ne su bakwai, cikakku, da kawunansu da kafaɗunsu da tumbinsu, babban yatsa kawai kowa ya rasa. Sun kewaye wani tebur mai gajeriyar ƙafa suna musu a kan yadda za a yi da shi. Zarto na zamewa a hannunsu saboda rashin yatsan, amma ba wanda abin ya dama.

"A'a, ɗan Maigida!" Isuhu ya ce. "Yaushe a gari?"

Shekara shida Oga yake ce min. Na ce masa yanzu-yanzu.

A tsakiyarsu mahaifina ne, da tsohuwar rigarsa mai aljihu a ƙirji, lafiyarsa ƙalau kamar bai taɓa jinya ba. Yana ɗaga katako yana leƙa ƙarƙashi.

"Wa ya ga tef ɗina?"

"Yana wuyanka, Maigida!" suka amsa gaba ɗaya.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa kamar jiya muka rabu, ya matsa min a benci.

"Ya shagon, Nafi'u?"

"Lafiya lau, Baba. Ba kuskure ko ɗaya."

"Allah sarki," ya ce. "Allah ya ba ka haƙuri."

Ya ɗaga kai ya dubi can ƙarshen kasuwa inda hasumiyar masallaci take. "Ka ga tururuwar can da ke hawa hasumiya? Ƙafarta ta baya ta hagu ta gaza sauran da rabin gashi. Duk wanda ya yi mata awo yana sauri."

Na duba, ko hasumiyar da ƙyar nake gani.

"Baba, ashe idonka garau yake?"

"Wani lokaci."

"Ke nan da gangan kake yanke ƙafafun teburan nan?"

"Wasu da gangan. Wasu kuma tsakani da Allah na kuskure. Da tafiya ta yi nisa ni kaina na daina rarrabewa, su ma ba su taɓa tambaya ba."

"Amma don me?"

Ya ciro fensir ɗaya daga kunne ya sosa ƙeya da shi. "Kai in ka je gidan biki don taya aiki, ka tarar an gama komai har kwanuka an wanke an kife, daɗewa kake yi?"

Na ce a'a.

"To."

Na nuna masa ganyen mangwaron da Darakta ya ba ni, na ce ya taimaka min da kuskure ɗaya daga cikin nasa, ko wanda ya gaji da shi ne. Ya girgiza kai.

"Nawa sun yi maka yawa a kafaɗa. Kuma Nomau ya san hannuna. In ka kai masa na aro zai gane, ka ƙara masa ciwo a kan ciwo. Naka na aljihunka."

"Na duba a ofis, babu."

"Na ciki. Wanda ka ɗinke bakinsa."

Na sa hannu cikin rigata, sai na ji wani aljihu da ban san da shi ba, an ɗinke shi da zare mai kauri, kuma ɗinkin nawa ne. Na farke. Na jawo wani abu mai tsawo, yana fitowa yana fitowa, sai ga ƙafar 'yar kujerar Zulai, da tsagewarta, da lanƙwasasshiyar ƙusar da na buga mata.

A nan gaskiyar da na daɗe ina zaune a kanta ta miƙe tsaye. Ban iya haɗin nan ba. A kwaleji an nuna mana shi a allo, na zana shi na ci maki, amma hannuna bai taɓa fafe ramin da ƙafa ta zauna a ciki ba. Satin da shagon ya dawo hannuna na gwada a ɓoye, na ɓata katako huɗu, na cusa su ƙarƙashin garin katako. Mutumin da ya fi kowa iyawa a garin nan yana taku biyar daga inda nake. Maimakon in kira shi, sai na tara mutane na ce haɗin yana cin lokaci. Na raba dattijo da aikin da ake tsayar da rediyo dominsa, don kada a ce ɗan Maigida mai takarda bai iya ba, na ba shi riga da tafi uku.

Ruwa ya ƙara ƙarfi. Yana tasowa daga ƙasa da kauri, yana ɗaga ganyaye da ledoji da wata tsohuwar tabarma da ba mai ita. A bakin kasuwa na hango Baba Nomau, shi kaɗai, ya juya baya, akwatin ƙarfensa a ka. Ƙafafunsa sun bar ƙasa da kamu ɗaya.

Na ruga, amma gudu a ƙasar nan baya yake kai mutum, sai na juya na taka da baya har na isa. Kafin nan ya kai tsayin rufin rumfa.

"Baba Nomau!"

Ya leƙo ƙasa. "Na'am, Oga."

Bai taɓa ce min Oga ba. Shi ya fara ɗora ni a kan benci ina jariri. Kalmar ta soke ni fiye da zagi.

Na buɗe baki zan yi magana, abin da ya fito shi ne, "Mu tafa uku." Na sake buɗewa: "Wannan watan hotonka za a sa." Kowace kalma in ta fita sai ta zama ƙusa ta faɗi ƙasa. A duk ƙasar nan ƙusoshin bakina ne kaɗai ke faɗuwa ƙasa, har suka taru a gabana tsibi guda. Baba Nomau ya kai tsayin bishiyar rimi.

Sai ga Darakta a gefena da hatimi a baki, akuya mai kallabi na biye da shi riƙe da kalanda. "Saura kaɗan a rufe fayil," ya ce. Akuyar ta fara cin Asabar daga gefe.

Na waiwaya wurin mahaifina. Ya sake ɓatar da tef, yana leƙa cikin hularsa. Ko kallona bai yi ba ya ce, "Maganar ba ta da tsawo, Nafi'u. Ni sau goma nake faɗinta kafin azahar."

Ban san abin yi ba, sai kawai na ɗaga ƙafar kujerar sama da hannu biyu. Baba Nomau ya dube ta daga can. Na ga ya tsuke ido, ya karkata kai, goshinsa ya tattare irin yadda yake yi in ya ga aikin banza. Tafiyarsa ta tsaya. Ya sauko kamu ɗaya, ya ƙara wani.

"Kai," ya ce, "wa ya yi wa kujerata wannan aika-aika?"

Mutanena bakwai sun zagaye ni. Akuya ta dakata, saura loma ɗaya Asabar ta ƙare. Na ja numfashi, na ji maganar ta taso daga ciki ta iso maƙogwaro, ta iso harshe. Sai ƙafar kujerar ta fara bugawa a hannuna da kanta, ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Na buɗe ido. Gari ya fara wayewa. Ƙwas, ƙwas. Zulai ce a tsakar gida tana wanke kwanuka a kan 'yar kujerarta, duk in ta miƙa hannu kujerar ta buga siminti.

Na fito ko takalmi ban sa ba. "Zulai, ɗan tashi."

Ta tashi tana yarfe ruwan hannunta. Na ɗauki kujerar na juya ta. Ƙafa uku daram a raminsu kamar ranar da aka yi su, ta huɗun da tsagewarta da ƙusata.

"Ikon Allah," ta ce. "Baban Hanifa, yau ranar gyaran ta zo ke nan? Shekara huɗu ina magana."

"A'a," na ce. "Ban iya ba."

Ta tsaya da kwano a hannu. "Me ka ce?"

"Na ce ban iya ba. Wurin mai ita zan kai ta, ya nuna min."

Na dubi ƙasa tsakanin ƙafafuna. Ba ƙusa ko ɗaya da ta faɗo.

Zulai ta ajiye kwanon ta miƙo min buta.

"To yi salla ka kama hanya," ta ce. "Yau Asabar, kuma ka san Baba Nomau ba ya makara."